Gwangwani Mai Lamba Tara

Litinin 9 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Mili 0, milimita ke nan, awon ruwan sama. Ba a yi ruwa ba.

Na auna, na ɗauki hoton, sai na tsaya da waya a hannu kamar wata sakarya. To wa zan tura wa? Wadda nake tura wa tana ɗaki a kwance ta juya fuska bango. Shi ya sa na ce bari in riƙa rubutawa a nan inda ta koya mini rubuta cefane, ko zuciyata ta rage tafasa. Ba mai karantawa. Maigida ko inda ake dannawa bai sani ba.

Sun dakatar mini da Auta daga aiki. Shekara shida tana ofishin hasashen yanayi, ko ciwon kai bai taɓa hana ta zuwa ba, amma ranar Juma'a suka karɓe katinta a bakin ƙofa kamar sun kama ɓarauniya. Ta baro ɗakin da take haya can kusa da ofis ta dawo gida da akwati ɗaya. Ranar 25 za ta tsaya gaban kwamiti. In suka ce laifinta ne, aikin ya tafi ke nan, kuma ba mai sake ɗaukarta.

Wai don ba a sanar da mutanen gangare ba kafin ruwan ranar Alhamis ya shiga musu gidaje. Ita ta yi ruwan? Ita ta gina kwalbatin da ko kaza ba ta wucewa ta ciki?

Litinin, ƙarfe 6 na yamma

Ba ta ci ba.

Talata 10, ƙarfe 11 na safe

Mili 3.

Rediyo ta shigo. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya muke, kuma ba ni na sa mata sunan ba, duk layin nan haka suke kiranta. Wai ta zo aron rariya. Rariya tana hannunta idonta yana ƙofar ɗakin Auta.

Ta ce, ikon Allah, ni fa na ɗauka wannan ƙaton farin ƙwallon da ke kan hasumiyar ofishin su Auta komai yake gani, ashe dai makaho ne, ko ko mai kallonsa ce ta yi barci?

Na ce ke da kike barci har rana ta bugi gindinki, me kika sani?

Na zaunar da ita na yi mata bayani yadda Auta ta yi mini. Na ce abin nan sunansa rada. Ba ya ganin ruwan da ya sauka ƙasa, ɗigon da ke can sama yake hangowa, sai ya yi kirdado ya ce kaza zai sauka. Wani lokaci ya zarce, wani lokaci ya gaza. Ɓangarenmu ma dutsen nan na bayan gari ya kare shi, da gefen ido yake ganinmu. Shi ne Auta ta kawo dabarar a kafa gwangwanayen awo a gidajen mutane, guda goma sha biyu, kullum da safe a duba abin da suka tara. Sai ta gwada da abin da rada ya faɗa, ta gane yawan ƙaryarsa, ta gyara masa lissafi. Kuma ba ta taɓa cewa ruwa kaza ne cif. Cewa take tsakanin kaza da kaza. Har a gida haka take, ka ce Auta yaushe za ki zo, ta ce tsakanin huɗu da biyar da rabi, Mama.

Rediyo ta ce to ranar Alhamis tsakanin me da me ta ce?

Na ce ba ni rariyata.

Tsakanin 15 da 35 Auta ta ce ranar. Sai na saman ya kai 40 ake aika wa mutane saƙo su kwashe kaya. Sama da 70 ya sauka.

Laraba 11, ƙarfe 1 na rana

Mili 0.

Na kai wa Mai Agogo abinci asibiti. Tsohon nan ne mai gyaran agogo a ƙasan gangare, shi kaɗai yake kwana a bayan shagonsa. Ba zan rubuta yadda aka fito da shi ba. Ƙafar dai suna cewa a jira a gani.

'Yarsa ta karɓi kular ta ce Allah ya saka, Mama, ke kaɗai ce daga layin sama kika leƙo mu. Na ce ba komai. Na fito ina ta sauri har na bar mayafina ya maƙale a ƙofa.

Maigida ya ce yaushe kika fara shiri da Mai Agogo, ke da kika ce ya lalata miki agogon bango? Na ce ka ci abincinka.

Alhamis 12, ƙarfe 7 na safe

Mili 8.

Sati ɗaya cif.

Na share tsakar gida sau uku. Gindin gwaibar nan kusa da katanga ba ya sharuwa.

Juma'a 13, ƙarfe 4 na yamma

Mili 0.

Yau na ji shi a rediyon gaske. Shugaban su Auta. Mai Jan Biro nake ce masa, don duk takardar da yarinyar nan ta kai masa sai ta dawo kamar an yanka kaza a kai. Yana magana a hankali a hankali kamar mutumin kirki. Wai na'urarsu lafiyarta ƙalau, a ranar ta nuna ruwa mai yawa, wata ma'aikaciya ce ta shigo da wani tsari nata na gwangwanaye ya rage adadin. Wai ana binciken ko alƙaluman da take cewa daga gidaje suke zuwa na gaske ne ko ƙirƙirarsu take.

Ƙirƙira! Auta! Yarinyar da in ta tsinci allura a tsakar gida sai ta tambayi ta wace ce!

Kai ne fa ka tsaya kusa da ita kana washe baki ranar da baƙi suka zo ganin tsarin, har kana cewa mu muka ƙirƙiro. Yau ya zama nata ita kaɗai. Sau uku ta rubuto tana neman mota ta zagaya ta duba gwangwanayen nan, sau uku ka ja jan layi ka ce ba man fetur. Na makarantar firamare da ke ɓangarenmu tun farkon damina yara suka ɓalle shi da ƙwallo, ta kai maka magana ka ce a jira. Shi ya sa duk ɓangaren nan, daga dutse har gangare, gwangwani ɗaya tak ya rage.

Na gidan nan. Lamba tara.

Na kashe rediyon da ƙarfi har maɓallin ya fita. Maigida yana ta nema a ƙarƙashin kujera yana mita.

Asabar 14, ƙarfe 10 na safe

Mili 12.

Ta fito yau. Ta yi wanka, ta sha shayi rabin kofi. Ta tsaya a tsakiyar gida kusa da gwangwanin, ta daɗe tana kallon ƙasan sandar. Ta sa ɗan yatsan ƙafa ta taɓa ƙasar wurin.

Na ce me kike nema?

Ta ce ba komai, Mama. Ya ƙwaurinki, ya warke?

Na ce tun yaushe.

Ta koma ɗaki. Na ƙona albasa.

Lahadi 15, ƙarfe 5 na yamma

Yayarta ta bugo waya daga inda take aure tana kuka tana cewa a nemi lauya. Kowa da shawararsa. Kawunsu ya ce dama aikin sama ba na mace ba ne. Na ce shi na ƙasan da ka riƙe me ka tsinana? Ya kashe waya. Ya kyauta.

Mili 0, na manta ban rubuta ba.

Talata 17, ƙarfe 2 na rana

Mili 5 jiya, yau 0.

A layin famfo mata suka yi shiru da na iso. Wata mai ɗinki da kekenta biyu suka kwana cikin laka ta ce da ƙarfi, don in ji, wai masu ilimi sun zauna cikin sanyi suna danna kwamfuta mu muna iyo. Na ajiye bokiti na ce ki faɗa mini a fuskata. Ta ce na faɗa. Aka shiga tsakani.

Da na dawo na kasa zama. Ba don ita ba. Gaskiya ta faɗa game da keken, na gan su da idona, tsatsa ta cinye.

Na kai wa Mai Agogo abinci. Ya farka yau. Ya ce ke ce mai agogon bangon nan da ke gudu da minti goma? Na ce ni ce. Ya ce ki kawo shi in na tashi, ban gama da shi ba.

In ya tashi.

Laraba 18, ƙarfe 7 na safe

Mili 0. Kaina ciwo.

Alhamis 19, ƙarfe 9 na safe

Mili 2.

Wa ya ce ma a kafa abu a tsakiyar gidan mutum? Tsakiya fa! Daidai inda igiyar shanya ta wuce. Ka fito da bahon wanki a ka, abu yana tsaye kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Na gaya mata tun ranar da ta kawo shi, na ce Auta matsar da shi gefe. Ta ce a'a Mama, dole sai a fili, nesa da katanga nesa da bishiya, kada ki taɓa shi. Haka kawai ta ce, kada ki taɓa. Ba ta ce mini in an taɓa ga abin da zai faru ba. Da ta ce mini rayukan mutane na rataye a jikin gwangwani ai da

To.

Na matsar da shi.

Ga shi na rubuta. Ranar 14 ga watan jiya na fito da wanki, ban gan shi ba, sandar ƙarfen ta yanke ni a ƙwauri jini har cikin takalmi. Raina ya ɓaci na tuge shi na kai shi gindin gwaiba jikin katanga na kafa. Taku tara ne kawai. Na ce ruwan sama ai ruwan sama ne, wanda ya sauka nan shi ya sauka can. Kullum ina aunawa ƙarfe bakwai ban taɓa fashi ba, ban taɓa ƙara ko ɗigo ba, ban rage ba. Sati uku yana can. Maigida ko lura bai yi ba, shi da ko an canza masa mata sai ya kwana biyu bai gane ba.

Washegarin ruwan, da gari ya waye na ji abin da ya faru a gangare, sai hankalina ya tafi kan gwangwanin ban san dalili ba. Na tuge shi na mayar tsakiya na daddanna ƙasar da ƙafa.

Ban san ko shi ne ba. Wataƙila ba shi ba ne. Taku tara fa.

Alhamis, ƙarfe 3 na rana

Ba shi ba ne. Mai Jan Biro ne da ya hana mota.

Juma'a 20, ƙarfe 8 na safe

Mili 14.

Ana ruwa na tsaya a bakin kicin ina kallo. Iska daga bayan katanga take korowa. Tsakar gida ya jiƙe jagab, gindin gwaiba kaji suka samu wurin fakewa suna ta gyara gashi.

Kaji ma sun sani.

Asabar 21, ƙarfe 12 na rana

Mili 0.

Na tambaye ta a fakaice muna tsintar shinkafa. Na ce Auta, misali, a ce gwangwanin wani gida yana tara ƙasa da abin da ya sauka, me zai faru? Ba ta ɗago ba. Ta ce kwamfuta za ta ɗauka rada ne ke zuzutawa a wannan ɓangaren, kullum ya ce goma gwangwani ya ce biyar, to sai ta koyi raba maganarsa biyu. Kuma da yake kullum haka abin ke fitowa, sai ta ƙara yarda da kanta, ta matse tsakanin nan ya zama ɗan siriri. Ranar da rada ya ce hamsin sai ta ce ashirin da biyar.

Na ce to.

Ta ce akwai tsakuwa a gefenki, Mama.

Lahadi 22, ƙarfe 4 na yamma

Wallahi yarinyar nan za ta kashe ni.

Na shiga ɗakinta ɗaukar kayan wanki na ga takarda a kan akwati. Karatuna ba nisa amma na iya haɗa baƙi. Ta rubuta wa kwamiti wai kuskuren lissafinta ne, ita kaɗai, masu gidajen ba ruwansu, kuma ta ajiye aiki. Har ta sa hannu.

Na fito da ita a hannu na same ta tana wanke kofi. Na ce mene ne wannan? Ta ce Mama ba kyau karanta takardar mutum. Na ce ni na haifi mutumin. Wane kuskure kika yi? Nuna mini shi.

Ta ajiye kofin. Sai ta goge hannu ta ɗauko wayarta ta buɗe hotunan da nake tura mata kullum, ni riƙe da kwalbar awo don ta ga inda ruwan ya tsaya. Ta ce duba bayan kwalbar. Na 13 ga watan jiya, bayan kwalbar igiyar shanya ce da sarari. Na 15, katanga ce da ganyen gwaiba. Haka har ranar ruwan. Washegari igiyar shanya ta dawo.

Ta ce tun daren da aka dakatar da ni na gani.

Kwana goma sha shida tana cin abincina, ko in ce tana ƙin ci, tana kallona ina zagin mutane, ta sani!

Na ce shi ne kika yi shiru kika bar ni ina haushi kamar karya a layin famfo? Ta ce me zan ce miki? Na ce ki ce Mama kin kashe ni! Ki zage ni! Ta ce ni ma da laifina, hoto ashirin da biyu kika turo, layin ruwan kawai nake kallo, ban taɓa kallon bayansa ba. Kuma ni na zaɓi gidanmu don na san ba za ki taɓa fashi ba.

Na ce to ki gaya musu haka.

Ta ce in na faɗa, kafin yamma Rediyo ta kai gangare. Kin san mutanen nan sun rasa komai, neman wanda za su kama suke. Ni in na tafi na tafi, ke a nan za ki zauna, nan za ki je famfo, nan za ki je kasuwa. Shekararki talatin a layin nan.

Na ce au, ke ce uwar yanzu? Ke za ki goya ni? Na yi wankau na yi guga na kai ki makaranta don ki zo ki rubuta ƙarya ki sa hannu? Ke da ko ƙarfe nawa za ki zo gida ba kya iya faɗa kai tsaye don kada ki yi ƙarya?

Na yaga takardar. Ta ce akwai wata a kwamfuta. Na ce kawo kwamfutar in yaga.

Maigida ya fito da maɓallin rediyo a hannu, sai yau ya same shi, yana cewa lafiya? Muka ce masa lafiya, mu biyu a tare. Ya koma.

Litinin 23, ƙarfe 7 na safe

Mili 0. Ba ma magana.

Talata 24, ƙarfe 5 na yamma

Mili 4.

Na gaya wa Maigida. Ya daɗe yana kallon gwaibar. Ya ce dama na ce a sare ta. Ƙarya yake, bai taɓa cewa ba, shi ke cinye 'ya'yan. Sai ya ce gobe zan raka ki. Na ce ka zauna, kai in ka ga mai kwat bakinka mutuwa yake. Ya ce to zan riƙe miki jaka.

Na goge kayana. Na tuge gwangwanin, da sandarsa da komai, na naɗe a buhu. Ta ce kada in taɓa. To na sake taɓawa, ta kai ni ƙara.

Laraba 25, ƙarfe 6 na yamma

Yanzu muka dawo.

Auta ta fita tun bakwai. Muka bi ta a baya. Mai gadi ya ce ba a shiga sai da kati. Na ce ɗana, kayan ofishinku na kawo, ga lambarku a jiki, ko in ajiye maka a nan ka yi bayani? Ya buɗe.

Ɗaki ne mai dogon tebur, sanyi kamar cikin firji. Mutum uku a can gaba, ta tsakiya wata tsohuwa ce mai tabarau a kan hanci, ita ce shugaba. Mai Jan Biro a gefe, biron a aljihun gaba. Auta a tsaye da takarda a hannu, ta buɗe baki ke nan na turo ƙofa da buhu.

Ta ce Mama don Allah.

Na ce rufe mini baki.

Na dire buhun a kan teburinsu ƙasa ta zubo. Na ce ni ce lamba tara. Ni na matsar da shi. Duk abin da ke cikin takardar nan ta hannunta ƙarya ce, kuma yau ta fara.

Mai Jan Biro ya miƙe wai wannan ba tsari ba ne, a fitar da ita. Na ce zauna, kai zan zo kanka. Tsohuwar ta ce a bar ta. Ta sa aka ba ni kujera da ruwa.

Na ɗauka za ta zage ni. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Tambaya kawai take tana rubutawa. Wace rana? Taku nawa? Katangar ta kai tsawon me? Ta wane gefe iska ke zuwa? Bishiyar ta rufe bakin gwangwanin duka ko rabi? Na ce ranar dai ba zan manta ba, na ɗage zane na nuna mata tabon. Wani cikinsu ya kau da kai. Aka haska hotunan a bango, ga hannuna ƙato, ga katangata da ban shafe ba shekara huɗu kowa yana kallo.

Tsohuwar ta ce wa Auta, kin san wannan? Auta ta ce na sani. Tsohuwar ta ce kuma kika zo za ki ɓoye mana? Kin san da mun karɓi takardarki da mun rufe tsarin gaba ɗaya, mu koma yarda da rada ido rufe, alhali ba mu san inda ciwon yake ba? Auta ta sunkuyar da kai. Na so in tare mata, na ga gaskiya matar take faɗa, na haɗiye.

Sai na juya kan mutumina. Na ce ranka ya daɗe, sau nawa ta nemi mota? Ya ce ba ya tunawa. Auta ta ce uku, a hankali. Tsohuwar ta ce a kawo takardun. Aka kawo. Ja, ja, ja. Ta ce na makarantar fa, me ya sa duk ɓangare guda ya rataya a kan gwangwani ɗaya? Ya fara kame-kame yana maganar kasafi. Na ce a rediyo bakinka bai yi wannan sarƙewar ba. Tsohuwar ta ce Mama ya isa. Amma na ga gefen bakinta ya motsa.

Ba su yanke ba. Ta ce ba za ta ɗauki maganata haka kawai ba, sai an auna. Za a kafa biyu a gidana, ɗaya a tsakiya ɗaya a gindin gwaiba daidai ramin da na yi, a jira ruwa. In bambancin ya kai abin da ya rage lissafin, to alƙaluman Auta na gaske ne. In bai kai ba, akwai sauran magana.

Muka kamo hanyar gida da Auta. Da muka zo tsallaka titi ta kama hannuna kamar ni ce yarinyar. Na fizge. Na sake ba ta.

Alhamis 26, ƙarfe 11 na safe

Sun zo sun kafa. Motar da aka ce ba ta da fetur, ita ta kawo su.

Rediyo tana kan katanga tun kafin su sauke kaya. Kafin azahar gangare ya ji.

Juma'a 27, ƙarfe 3 na rana

0 da 0. Sama fes kamar da gayya.

Ba wadda ta amsa gaisuwata a famfo. Mai ɗinki ta tofar da yawu kusa da bokitina. Ban ce komai ba. Ni ce fa, ban ce komai ba.

Na je asibiti. 'Yar Mai Agogo ta tare ni a ƙofa ta miƙo mini kulata ta jiya ba a buɗe ba. Ta ce ashe shi ya sa. Na ce shi ya sa. Ta ce kada ki ƙara zuwa. Daga ciki tsohon ya ce bar ta ta shigo.

An yanke ƙafar. Daga gwiwa.

Na faɗa masa da bakina, duka. Ya ce shekara arba'in ina gyara, wanda ya fi ba ni wahala shi ne mai kawo agogon da ya faɗa ruwa ya rantse bai faɗa ba, in yi ta neman ciwo inda babu. Ke dai kin faɗa. Na ce ka yafe mini. Ya ce ban kai nan ba tukuna, Mama. Ki bar ni in fara koyon sanda.

Na fito na zauna a kan dakalin asibiti. Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar 28, ƙarfe 7 na safe

0 da 0.

Lahadi 29, ƙarfe 7:05 na safe

An yi ruwa tun asuba, da iska.

Ban yarda na taɓa ba. Ma'aikacin da tsohuwar ta turo shi ya zuba a kwalba, Auta tana gefe hannu a baya, Maigida riƙe da lema a kan wanda bai buƙata.

Na tsakiya 31.

Na gindin gwaiba 16.

Auta ta rufe fuska da hannu biyu. Ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka. Ni kuwa ina tsaye ina kallon 16 ɗin nan. Ita ce ta wanke 'yata, ita ce kuma ta ce ni ce. Da ina da sauran wataƙila da nake ɓuya a bayanta. Yanzu babu.

Laraba 2 ga sabon wata, ƙarfe 2 na rana

An kira Auta. Za ta koma ranar Litinin, da takardar gargaɗi a fayil saboda hotunan da ba ta duba ba da kuma takardar da ta so miƙawa. Ta ce ta cancanta. Duk wata za a riƙa zagayawa duba gwangwanaye, kuma ta ce daga yanzu lissafin zai bar wuri don irin abin da na yi, tsakanin zai ƙara faɗi. Na ce wato kin sa uwarki cikin lissafi a matsayin matsala. Ta ce ke da kaji da yaran makaranta, Mama.

Mai Jan Biro yana nan a kujerarsa. Wai an ja masa kunne. Kunne! Kada in fara.

Na ce su zo su ɗauke abinsu daga gidana. Ta ce tsohuwar ta ce a bar shi, wai a duk gidaje goma sha biyun yanzu ba wanda ta tabbata ba za a taɓa ba sai wannan.

Ta cinye abincinta har ta ƙara.

Litinin 7, ƙarfe 7:15 na safe

Ta tafi da akwatinta. Na ce yaushe za ki leƙo? Ta ce Asabar, tsakanin huɗu da shida.

A famfo har yanzu shiru. Na dafa na Mai Agogo, in 'yarsa ta mayar ta mayar, gobe ma zan kai.

Na fito da bahon wanki na sake buga ƙwaurina, daidai kan tabon. Na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na zauna a ƙasa na riƙe ƙafa har zafin ya wuce. Sannan na tashi na kwance igiyar shanyar na mayar da ita can jikin katanga.

Mili 6. Na tura, da bayan kwalbar duka.